Tukunyar da Ake So Ta Zube

Har yau idan ƙamshin madara da mazarƙwaila ya haɗu da hayaƙin itace a hancina, sai in tsinci kaina a bayan wani gida a garin Summerfield, da safiyar wata Asabar ta Janairu. Ranar nan ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Ina shekarar farko a jami'a wata ƙawata Ba'indiya ta gayyace ni bikin girbinsu, wanda suke kira Pongal. Da na nemi izini, Mama ta daɗe tana kallona.

"Ki je ki ga al'adar mutane," ta ce. "Ibadarsu tasu ce, taki taki ce. Kuma kada ki zauna kamar hoto, ki kama musu aiki."

Muka baro cunkoson titin Wendover rana na leƙowa. A ƙofar gidan kawunta an yi wani zane da garin shinkafa, fari fat, kamar lalle a tafin ƙasa. Na ce ai tururuwa za su cinye. Ƙawata ta ce don su aka yi, su ma su sami rabonsu na girbi.

A bayan gida an kafa murhu da bulo uku, an jingina rake, an ɗora sabuwar tukunyar ƙasa cike da madara. Kakar ƙawata, 'yar tsohuwa mai ciwon gwiwa, na zaune kan kujera gab da wutar. Ba ta jin Turanci, don haka ƙawata ce tafinta. Ta ba mu labarin wani sa da aka aiko daga sama ya gaya wa mutane su shafa mai kullum, su ci abinci sau ɗaya a wata. Sai ya juya saƙon. Aka ce masa, tunda ka sa su cin abinci kullum, sauka ka yi musu noma. Shi ya sa suke ware rana guda su yi wa shanu ado su gode musu.

Ana cikin dariya na hango madarar tana tasowa. Ni kuwa tun ina ƙarama aka horar da ni cewa macen da madara ta zube mata a wuta hankalinta ba ya jikinta. Ban yi shawara da kowa ba. Na zabura na janye itacen, na yayyafa ruwan sanyi a tukunyar. Kumfar ta kwanta. Na ɗago ina jiran yabo.

Kaka ta dafe ƙirji.

"Me kika yi?" ƙawata ta raɗa mini. "Zubewar ake jira. Ita ce alamar shekara za ta yi albarka. Bara tukunyar ta ƙi zuba, a shekarar kakanmu ya rasu. Tun jiya Kaka ba ta ci komai ba saboda fargaba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga ruwan da na watsa ya fantsama ya jiƙa garwashin, ga iska mai sanyi daga gonar dawakin maƙwabta. Kawun, wanda rabonsa da murhu tun yana yaro, ya yi ta cusa jarida, hayaƙi kawai ke tashi. Wani ya ce a koma kicin a ɗora a gas. Kaka ta girgiza kai, hawaye na bin kuncinta.

Na durƙusa gabanta na ce, "Kaka, ni na kashe, ki bar ni in hura."

Da ƙawata ta fassara mata, Kaka ta dube ni, ta dubi tukunyar, sannan ta miƙo mini guntun kwalin da take fifita da shi.

Hutun da na yi ta yi wajen kakata a Maraɗi bai tafi a banza ba. Na kwashe jiƙaƙƙiyar toka, na tsaga itacen ƙanana, na jera su yadda iska za ta ratsa, na tare ɓangaren da sanyi ke shigowa da jikina. Na sunkuya ina hurawa har idona ya yi ja.

"Ga san nan na labarin Kaka," in ji ƙawata. "Kin juya saƙo, an sa ki noma."

"Ki matsa, kina tare mini haske," na ce.

Wutar ta kama. Madarar ta fara wani ƙaramin kuka, ta kumbura a hankali kamar farin gajimare, ta tsaya a bakin tukunya tana rawa. Hannuna ya so ya kai mata ɗauki, na danne shi da ɗayan. Sai ta tumbatsa, ta gangaro ta kowane gefe. Gidan ya kaure da sowa, ana ta kiran sunan bikin. Kaka ta miƙe ba sanda, ta zuba sabuwar shinkafa da mazarƙwaila, tana dariya da kuka lokaci guda. Ni ta fara zuba wa da abincin ya nuna.

Ranar na koyi cewa abin da gidanmu ke kira ɓarna, wani gidan albarka yake kiransa, kuma baƙo ya tambaya kafin ya gyara. Sai bayan shekaru, da Kaka ta rasu na je gaisuwa, surukarta ta gaya mini cewa tun da tsohuwar ta yi aure ba ta taɓa miƙa wa kowa wutar bikin nan da hannunta ba, har 'ya'yan cikinta.