Injin da Ya Tuba da Alkama

Mai Hoda ake ce masa, kuma ba don kwalliya ba. Tun yana saurayi yake tsaye a bakin injin niƙa, gari na sauka masa a gira da gemu, har furfurar gaske ta zo babu wanda ya lura. Shi ma matarsa ce ta ba shi labari.

Mutumin yana da kishin alkama kamar 'yar gidansu. In mace ta ce za ta tankaɗe ta zubar da dusa, sai ya kashe inji don ta ji shi da kyau: "'Yar uwa, lafiyar ai a dusar take. Ki ba akuya, akuya ta yi ƙiba, ke ki bi layin asibiti." In wata ta yi ƙorafin ta ji ƙanshin hatsin wasu a garinta, amsarsa ɗaya ce: "Farkon garin kowa na wanda ya riga shi ne. Inji ba ya kurkure baki."

Sai ga jikarsa, 'Yar Tsito, ta ƙi girma. Ciki a kumbure, ƙafafu kamar sillen kara, gudawa ba hutu. Mai Hoda ya zaɓo alkama mai kyau, ya niƙa har da dusa, ya aika wa 'yarsa, uwar yarinyar. Yarinya ta ƙara lalacewa.

Da aka yi gwaji, likita ta ce hanjinta ne ba ya shiri da wani abu mai danƙo da ke cikin alkama, wai gulutin. Ga yawancin mutane alkama da dusarta abinci ne mai kyau, amma ga irin su 'Yar Tsito ko ɓurɓushi masifa ne. Tsohon ya ji kamar an zagi amininsa a gabansa. Ya haɗiye dai, ya koma niƙa mata shinkafa da dawa.

Amma duk ranar da ta ci garinsa, cikin sai ya tashi. Ranar nan 'yarsa ta zo shagon, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Baba, don Allah a daina aiko garin."

"Shinkafa ce fa zalla. Da hannuna na tsince ta."

"Na sani, Baba. Amma a daina."

Mutumin da ya ciyar da rabin unguwa, ga jikarsa ɗaya an hana shi ciyarwa. Ya wuni bai yi wa kowa wa'azi ba. Da yamma wata ta leƙa kwanonta ta ce ita masara ta kawo, ina garin ya samo warin alkama? Ya buɗe baki zai ba ta amsar da ya saba, sai 'Yar Tsito ta faɗo masa a rai. Ya ɗauko sifana ya kwance injin. Ga alkama nan danƙare a haƙoransa, lungu-lungu.

Akwai wani ƙaramin inji da ya daɗe a ɗakin baya, kaji na kwana a kai. Ya kore su, ya wanke shi tas, ya sa masa sababbin haƙora, ya ware masa riga da rariya da tsintsiya. Kafin ya shiga ɗakin sai ya yi wanka.

Shi ya kai garin farko da kansa, fuska tas babu ko ɗigon gari. 'Yar Tsito ta ƙare wa fuskarsa kallo, ta ruga ciki.

"Mama, ga wani baƙin tsoho yana cewa shi ne Kaka."

"Ke, tafi can, mai ƙafar sauro," in ji shi. "Ki ci wannan mu ga ko za ki zama mutum."

'Yarsa ta karɓa da ɗar-ɗar, ta dafa kaɗan. Ciki ya yi shiru. Bayan kwanaki sai ga 'Yar Tsito a ƙofar ɗakin baya da bokitin roba wanda ya kusa fin ta tsawo.

"Mama ta ce a cika. Kuma ka yi wanka tukuna."