Saƙon Da Ya Ƙi Tafiya Da Muryata

Birnin Kudu

Ana sallame asuba na faɗa motar Gwaram, za ni Zandam bikin ƙanwata Hadiza. An kwana ana ruwa, irin wanda kifi ma sai ya nemi lema. Gwiwar wani bawan Allah na cikin haƙarƙarina har muka isa.

Gwaram

Na sha koko da ƙosai, na hau babur ɗin wani Sale. Ba mu yi nisa ba muka tarar ruwa ya cinye kwalbati, rami zai haɗiye tirela. Ta nan kuwa motar amarya za ta biyo bayan azahar, ga wurin a bayan kwana. Na ɗaga waya, babu sabis ko ɗigo.

Sale ya ce, "Nan ba a kira. Murya ake ɗauka a tura ta bulutut, waya zuwa waya, mai babur ya ba mai babur har ta isa."

Na ɗauki muryata ina gargaɗin masu motar amarya. A tsallaken ramin ga wani mai babur, Ɗanjuma, na tura masa.

Ya ɗaga murya, "Wa ke turowa?"

"Bala ne!"

"Balan da ya ga kada mai tsawon bas? Ban karɓa ba."

"Ga ramin a gabanka, malam!"

"Na gani. Amma ni a garin Maruta zan miƙa saƙon. Mai babur na gaba yana jin muryarka zai goge, gobe ya daina karɓar nawa."

Rana sai ɗagawa take. Sai ga Malam Audu, ladanin Zandam, a kan keke. Na riƙe masa wayar kamar mai roƙo. Ya ce, "Kwalbati ya karye, ku zaga." Shi ke nan. Ɗanjuma ya karɓa har da rusunawa.

Zandam

Muka zaga ta Kwandiko, sai la'asar na iso. Amarya ta bi wata hanyar, ta sauka lafiya.

Inna ta tare ni. "Ka ji kwalbati ya karye? Allah ya saka wa Malam Audu."

"Inna, ni na fara gani!"

"Kai dai Bala, ba ka gajiya."

Washegari na dawo gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Sale da Malam Audu. Kadan nan kuwa ya kai bas. Ƙaramar bas.