Makunnin da Inna Ta Ɗaure a Bakin Zane

A gidanmu na Hunkuyi, kunna injin jan ruwa aikin mahaifiyarmu ne, Inna, kuma ba ta sakar wa kowa. Da an kawo wuta za ta ɗauki sandarta ta ratsa sassan 'ya'yanta huɗu, har ƙarshen gida inda rijiyar burtsatse take. Da gwiwa ta matsa mata, tafiyar minti biyu ta koma ta rabin awa, ni kuwa ba na iya kallo.

Gyaran kayan lantarki nake yi a Zariya, kuma ina da ciwon son a ce na iya. Sai na haɗo 'yan akwatuna biyu, kowanne da modem, wato wani ɗan baƙin abu da bai fi ƙwayar wake ba. Shi ke ɗora saƙo a kan wayar wutar gida, ya aika wa ɗan'uwansa. Ɗaya na haɗa da injin, ɗaya mai maɓalli na soka a soket ɗin ɗakinta.

"Inna, danna nan."

Ta yi bisimilla ta danna. Can ƙarshen gida inji ya ɗauka.

"Ikon Allah! Wa ya gaya masa?"

"Saƙon ta wayar wuta ya bi. Kowane soket na gidan nan kika soka shi, zai yi."

Ta sa mini albarka, na koma Zariya kaina ya yi girma.

Bayan mako biyu na dawo na tarar da ita shiru, ta rage cin abinci. Matar yayana ce ta ja ni gefe. "Kai da iyayinka! Ka ɗauka don ruwa take fita? A hanyar nan take ɗanɗana miyar kowa, ta duba kan jikoki, ta raba faɗa. Yanzu ka zaunar da ita."

Kunya ta kama ni, don gyara na zo yi na ɓata. Na shiga ɗakin Inna na ce mata zan cire akwatin.

"Cire me? Ka ce kowane soket?"

"Kowanne, Inna."

"To tashi ka ba ni wuri."

Washegari da aka kawo wuta, ta zare akwatin ta ɗaure a bakin zane. Ta taka iya inda gwiwa ta yarda, sashen yayana, ta soka a can ta danna, ta zauna shan kunu. Rana ta biyu ta kai sashe na uku. Ba a jima ba surukanta suka fara gasa, kowace na rantsuwa soket ɗinta ya fi kamawa, wata har da shimfiɗa darduma a gindinsa.

Wata safiya ina gida, gwiwar ta ƙi sam, dole ta danna daga kan gado. Ruwa bai gama hawa tanki ba na ji takun ƙafafu. Mutanen sassa huɗu ne a ƙofarta, wata da ludayi a hannu.

"Inna, lafiya? Mun ji inji ya tashi, ba mu gan ki ba."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta goge ido da gefen mayafi.

"Ku shigo mana. Ke, kawo ludayin nan in ji gishirin."