Ranar da Hajiya ta gyara wa Ba'indiye jere

"Hajiya, don Allah kada ki taɓa!" Kafin in rufe baki har ta ɗaga kwanon.

Ni fa aikina ke nan, gadi a wani ɗakin baje kolin sassaƙa a Manhattan, kullum ina hana mutane taɓa kaya. Sai ga mahaifiyata da ta zo mana ziyara daga Kano tana sauke aikin wani masassaƙi Ba'indiye. Da tsofaffin tukwane da kwanuka dattijon yake aikinsa, ya jera su har sun fi ni tsawo.

Ina waigowa na ga mai kayan tsaye a bayanmu. Na ce shi ke nan, aikina ya tafi.

Ya tambaye ni me take yi. Hajiya ta ce, "Gaya masa ba a ɗora babba a kan ƙarami. Amaryar da aka yi wa wannan jeren sai dangin miji sun yi mata dariya."

Na fassara masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shekara da shekaru yana jiran wanda zai kalli aikinsa ya ga ɗakin mahaifiyarsa, sai yau. Ya hana a mayar da kwanon.

A jirgin ƙasa na komawa gida Bronx, Hajiya sai cewa take, "Yaron yana da ƙoƙari, wadda za ta koya masa ce bai samu ba." Mutumin da furfurarsa!

Jama'a, wa ya taɓa kai tsohuwarsa wurin aiki ya fito lafiya?