Ruwan da Tsoho Ya Gani a Littafi

Hinda mai fura a tashar Waca ba ta san tsohon ba, amma gicciyen wuyansa ya nuna Kirista ne. Siriri ne, hannayensa duk kanta, ta ce a ranta manomi ne. Yana jiran mota, yana gardama da wani matashi na wata majami'a daban.

"Baba, wanke ƙafar da Almasihu ya yi misali ne, tawali'u ake nufi," in ji matashin.

"Ni dai ruwa na gani a Littafin, ɗana."

Sai ga tsoho ya ari butar Hinda, ya durƙusa yana wanke masa ƙafa. Can matashin ya karɓe butar.

"To, miƙo taka, Baba."