Gwaggo Mai Tsufar da Labule

Kafin a sauke kyamara daga mota, Gwaggo ta riga ta shiga ɗakin da za a ɗauki fim. Haka muke kiranta, manya da yara. Aikinta shirya wuri: a ba ta ɗaki fayau, ta mayar da shi gidan mutum. Sabon labule sai ta tsoma shi a ruwan shayi ya tsufa, ta shafa ɗan mai a bango daidai inda mai ɗakin zai riƙa jingina kai.

Ni mai haske ne, na daɗe ina bin bayanta da fitila. A gajeren fim ɗinmu na bana, labarin tsohuwar da ɗanta ya tafi bai dawo ba, Gwaggo ta dusashe kowane kwano a ɗakin, ban da kofi ɗaya. Shi ta wanke shi tas, ta kife a kan kantar kwanuka. Jarumar da za ta fito a matsayin tsohuwar na shigowa ta tsaya.

"Gwaggo, wannan fa na wa?"

"Na yaron. Kullum uwar tana wankewa, ko zai dawo."

Jarumar ta fashe da kuka tun ba a kunna kyamara ba.

To ranar nuna fim aka tambayi darakta inda ya samo ɗakin nan. Ya gyara tsayuwa, ko kunya babu, ya ce, "Wallahi sa'a ce, haka muka tarar da shi, ko tsinke ba mu taɓa ba." Aka kwashe da tafi! Gwaggo kuwa tana layin baya, fenti bai gama fita daga farcenta ba. Kuma fim ɗinta na ƙarshe ke nan, don idonta ya daina rarrabe launi. Na miƙe zan ƙaryata shi, ta janyo rigata.

"Zauna, ɗan nan. Ai sun yarda ɗakin na gaske ne."

Na zauna, kuma har yau abin na cina. Gwaggo, ke ce mai hannun da ke ɓoye kansa, shi ya sa aka samu bakin cewa ba ki yi komai ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Masu tasowa, ku je ku durƙusa ku koya tun tana iya nuna muku. Kai kuma darakta, ka ci tafinka, amma kofin nan ba sa'a ce ta kife shi ba. Gwaggo ce.