Auwalu mai gyaran kwamfuta ya riga ni

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da safen nan maƙwabciyata ta ɗaga labulen zaure ta ce da ni Auwalu mai gyaran kwamfuta ya rasu.

Na ce mata ba shi ba ne, gara ta sake tambaya. Ta ce shi ne, na Ƙofar Nassarawa. Jiya da yamma ya yanke jiki ya faɗi a shago, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Sa'an ɗana ne. Ni ya kamata ya zo ya yi wa sallah.

Yawancin masu karanta ni a nan sun san ni da tsofaffin taswirorin unguwannin birni da nake sakawa. Aikin da na yi ke nan a ofishin safiyo har na yi ritaya, kuma shi nake ɗan taɓawa yanzu don kada zama ya kashe ni. Uwargidana ta rasu, yara kowa ya kama gabansa. Gidan nan na Soron Ɗinki daga ni sai kwamfuta.

Bara ɗana ya aiko mini da sabuwa daga Abuja, mai sabon katin hoto, wai zane zai fi sauri. Na jona ta da tsohuwar monitata, allo ya yi baƙi ƙirin. Wani lokaci hoto ya fito ya yi ta kyaftawa, wani lokaci rubutu ya koma ƙanana kamar tururuwa. Ga idona ya riga ya yi rauni.

A haka aka haɗa ni da Auwalu.

Ya durƙusa bayan tebur ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago yana dariya. Ya ce, "Baba, ba abin da ya lalace. Sai katin da monitar sun gaisa kafin hoto ya fito. Monitarka tana sallama, shi kuwa ɗan zamani ne, ba ya amsa wa manya."

Ya ce bakin wayar ma ba ɗaya ba ne. Tata tsohuwar ce mai shuɗin kai, katin kuwa ba shi da wurinta. Ya sa adafta a tsakani, hoto ya fito. Amma duk ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai su sake manta juna.

Ɗana ya ce in jefar da monitar zai sayo sabuwa. Auwalu ya kawo mini wata daga shagonsa na gwada, haskenta ya sa idona ruwa. Bai yi musu da ni ba. Ya naɗe abarsa ya ce, "To, mu ci gaba da lallashin Hajiya."

Hajiya yake kiranta.

Maganin shi ne a zare waya a mayar, a kunna monita kafin kwamfuta. Na iya a baki, amma gwiwata ba ta kai ni ƙarƙashin tebur. Saboda haka sai in kira shi. Ya zo a babur, ya gyara cikin ɗan lokaci, sannan ya zauna. Zaman nan shi ne abin. Ya dafa mana shayi, ya karanta mini rubutun jikin kwalbar magani, ya tsokane ni wai taswirata ta cinye rabin gidan kakansa. Ranar asibiti shi yake ɗaukata, yana tafiya a hankali yana cewa in riƙe shi da kyau kada a ce ya yar da kayan tarihi.

Akwai makon da ba na jin muryar kowa a cikin gidan nan sai tasa.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo ba tare da na kira ba. Ya samo wata adafta mai kyau da ya daɗe yana nema, ya sa, ya kashe wuta ya kunna har sau da yawa, hoto bai motsa ba. Ya ce, "Baba, an sasanta su. Ba sai ka ƙara kirana ba."

Na ɓata fuska. Ya dube ni ya gane.

Ya ce, "Haba Baba, sai da dalili ake zuwa gaida uba? Ka tanadi sukari, ina nan tafe."

Abin da ya faɗa mini na ƙarshe ke nan. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana, ban taɓa ganinsu ba sai a wayarsa.

An ce za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansu. Tun ɗazu na sa riga da hula ina zaune. Ƙafata ba za ta kai ni bakin titi ba, kuma wanda zan kira ya kai ni shi ne za a ɗauka. Ba na so a rufe yaron nan ban tsaya a sahunsa ba.

Ya Allah ka gafarta wa Auwalu, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka tausaya masa yadda ya tausaya wa tsoho. Ka zama gatan iyalinsa.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ce. Wanda kuma yake da mota ko adaidaita kuma hanyarsa ta biyo ta Soron Ɗinki kafin azahar, ya taimaka ya ɗauke ni. A tambayi gidan Malam mai taswira. Ina zaure, ƙofa a buɗe take.